Hoton da Baba Ya Bari a Kan Buhun Iri

Babanmu mutum ne da ko kazar gidanmu ba ta tsoronsa. Idan ya daka tsawa, shi ke fara dariya. Abin ba ya damunsa sai lokacin tafiya ci-rani, domin duk shekara yakan bar buhun irin gyaɗa a ɗakinsa a Gude, ya dawo ya tarar da rabi. Yara su ɗiba, maƙwabta su zo aro, Inna ta yi ƙuli idan abu ya matse. Kowa ya san ko ya dawo ba abin da zai yi.

Inna tana da wani gwangwanin alewa da aka kawo mata tsaraba daga Maraɗi, a ciki take ajiye allura da zare. A murfinsa akwai ɗan hoto da bai kai tafin hannu ba, gashi buzu-buzu har kafaɗa, ƙwauri a waje, hannu a ƙugu. Mun daɗe muna kiranta Hajiyar Gwangwani. Sai ranar da Baffa, ƙanin Baba mai koyar da tarihi a Kabo, ya zo a ɗinke masa maɓalli, ya ce ai wannan namiji ne, sarkin Faransa ne ma na zamanin da.

"Sarki da ƙwauri a waje?" in ji Inna. "Allah Ya shirya."

Baffa ya ce komai na hoton da gangan aka yi shi. Haɓar da ya ɗaga, sandar da ya dafa, mayafin da ya yi masa yawa, duk don mai kallo ya san da wa yake. Ya ce irin waɗannan ƙananan hotuna sarkin ke ba wa manzanninsa da manyan ƙasa, don inda ƙafarsa ba ta je ba idonsa ya je. Na lura Baba ya daina taunar goro.

Ranar kasuwa ya ɗauke ni a keke muka tafi Gwarzo, ina rungume da babbar rigar aro da sandar kakanmu. Mai hoto ya sha wahala. Da ya ce a ɗaga haɓa sai Baba ya fashe da dariya. A ƙarshe na tuna masa buhun bara, fuskarsa ta murtuke, aka ɗauka. Da aka wanko hoton, ni kaina sai da na gyara ɗankwali. Ban taɓa ganin wannan mutumin ba.

Ranar tafiya ya tara mu, ya ɗaure hoton a bakin buhu, ya ce, "Kada wanda ya kwance wannan sai na dawo." Liman da ya ji labari ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Inna ta ce Allah Ya sa ɓeraye ma haka.

Abin ya yi aiki. Ƙannena sukan leƙa ɗakin su fito da baya. Wata maƙwabciya ta zo aron iri, Inna ta ce, "Ga shi can, shiga ki tambaye shi." Ta shiga, ta fito, ta ce a gaida maigida.

Sai damina ta faɗi da wuri. A lokacin wayar hannu ba ta iso mu ba, Baba kuma rashin lafiya ta riƙe shi a Kudu ba mu sani ba. Kowa a Gude ya yi shuka. Baffa ya zo ya ce a kwance buhun, Inna ta ce shi da ya kawo ilimin ya kwance. Ya tsaya a gaban hoton, ya sosa ƙeya, ya ce to a ƙara jira kaɗan, ai Baba yana hanya. Haushi ya kama ni, na ce takarda ce fa. Amma da na kai hannu kan igiyar, ni ma na kasa.

Baba ya dawo gyaɗar mutane ta fara fure. Ta gona ya biyo, don haka ya riga ya ga ciyawa kafin ya shigo. Bayan doguwar gaisuwa ya shiga ɗaki, ya tarar da buhu cif yadda ya bar shi.

"Ba wanda ya yi tunanin a shuka?" ya tambaya a hankali.

"Mun yi, Malam," in ji Inna. "Kullum sai mun duba ka, ba ka ce a buɗe ba."

Na jira dariyarsa, ba ta zo ba. Ya zauna a kan buhun ya daɗe, ramamme, ga farin gashi da ban san yana da shi ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Can ya kwance igiyar da kansa, ya ce Inna ta soya wa yara. Muka zauna a tsakar gida muna ci, kowa idonsa a ƙasa, shi yana ta cewa mu ƙara.