Rubutun Malam Ɗahiru a Bayan Bas

Cikin shekarun da na yi ina fesa fenti a Ƙaura Namoda, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Hajiya Kulu ta kawo mana bas daga Zurmi. Lokacin jiharmu tana sabuwa, an fara aiki da Shari'a, an ware wa mata motocin haya nasu, kuma duk mai son shiga layin sai ya yi wa motarsa launin da aka tsayar. Ni ne babban mai fesa, maigidanmu Alhaji Isa shi ke karɓar aiki.

Wanda bai san sana'ar ba yana zaton fesawa ce aikin. Rabin aikin rufi ne, wato kare wuraren da ba a son fenti ya taɓa. Gilashi mukan rufe shi da takardar siminti mu kama bakinta da salatif, fitila mu shafa mata giris, ramin ƙusa mu toshe da tsumma.

Bas ɗin na mijinta ne, marigayi Malam Ɗahiru direba, ɗansu kuma zai ɗora tuƙi daga inda ya tsaya. A ƙofar baya akwai manyan baƙaƙe na ajami da farin fenti, waɗanda marigayin ya rubuta da hannunsa: "Kulu, sai na dawo." Ta ce kullum in zai fita da safe, tana tsaye a bakin zaure, abin da take gani ke nan har ya sha kwana.

"Alhaji, ku yi mata kowane launi," in ji ta, "amma wanga rubutu in kun taɓa shi, to ku bar motar nan ta ruɓe."

Alhaji ya ce abu mai sauƙi. Ya manna salatif a wutsiyar harafin ƙarshe don gwaji, da ya ɗaga sai ga ɓawon farin fenti manne a jiki. Hajiya ta ja mayafi. Rufe wurin gaba ɗaya da takarda kuma ba zai yiwu ba, don tsatsa ta ci tsakanin baƙaƙen, tsohon launi kuma zai fito fili, a hana motar layi. Alhaji ya ba da shawarar a shafe, ni in sake rubuta mata wanda ya fi kyau. Ta ce ai ba kyau ta zo nema ba.

Sai na tuna da makarantar allo. In malaminmu zai haɗa tawada yakan jiƙa ƙaro, kuma duk kaurin da ya yi a jikin allo, ruwa na wanke shi. Fentin mota kuwa na mai ne, ba ya narkar da ƙaro. Na roƙi a ba ni dama. Na gwada a wata tsohuwar ƙofa, ƙaron ya bushe ya tsattsage, fenti ya shiga. Na ƙara masa ɗan zuma don ya yi laushi, sai ya zauna, illa ƙudan garin nan duka suka zo gaisuwa. Alhaji ya ce in ban gama da wuri ba, zai sa su cikin ma'aikata.

Na fiƙe alƙalamin kara mai faɗin baki, na yi Bismillah, na tsoma shi a ƙaron, na bi hannun marigayin harafi bayan harafi. Inda hannunsa ya karkace na karkace, inda fenti ya zubo masa na bi zubin. Da ya bushe, aka goge tsatsar, na fesa siriri, na sake fesawa. Rubutu ya ɓace ɗungurungum. Hajiya ta tashi daga benci ta koma bayan shago.

Nan ne haɗarin yake. In ka yi gaggawa fenti ya jagwalgwale, in ka makara ya ƙeƙashe ya rufe ƙaron har abada. Da fentin ya kama, yatsa ba ya mannewa, na tsattsaga saman baƙaƙen da allura, na ɗora tsumma mai ruwan ɗumi, na jira. Da na shafa, sai fatar fenti ta zame, harafin farko ya fito fari tas. Kafin la'asar duka sun fito, har da gurbin da salatif ya ci.

Aka kira Hajiya. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan sunanta.

"Hannunshi ne," ta ce. "Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Ba ta shiga motar nan take ba. Ta ce wa ɗanta ya ja ta zuwa bakin titi, ita ta tsaya a ƙofar shagonmu tana kallon bayanta har ya sha kwana, sa'an nan ya dawo ya ɗauke ta.

Tun ranar nake faɗa wa masu koyo: kafin ka ɗauki bindigar fesa, tambayi mai mota abin da ba ya so a rufe.