Ledojin da Na Ɓoye a Kwalla

A lokacin da abin nan ya faru ni matar mahauci ce a Garwa, shekarata ba ta kai talatin ba, kuma Allah ya yi ni da baki. In muka ga mace ta fito daga asibiti da ledojin nan na abincin yara, masu kama da tunkuza da aka haɗa da madara, ni ce ta farko da zan taɓa ta kusa da ni in ce ga wata mai sida nan, wato ƙanjamau. Ba ma kiransu abincin yara, a unguwarmu shaida ce. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ina da cikin fari aka gwada jinina a awo, aka ce ina ɗauke da cutar. Maigidana ma aka same shi da ita. Muka rufa wa juna asiri, muka fara shan magani.

Na haifi 'ya mace, mai kumatu da yawan dariya. Shawarar da ake ba irinmu a wancan zamanin ita ce a ba da nono zalla wata shida, sannan a yaye. Na bi. Da aka gwada ta aka ce ba ta ɗauka ba, na yi kukan murna a gaban mutane. Malamar asibitin ta ƙirgo mini ledojin, ta ce kullum a ba ta, domin abin da nono ke bayarwa kunu kaɗai ba zai maye shi ba. Ta maimaita har ta gundure ni. Na tura su can ƙasan jaka, na rufe da zane, ina waige har gida.

Matsalar ita ce ba a yaye 'yar wata shida a idon maƙwabta ba tare da tambaya ba. Sai na yi ƙarya na ce kwanika na yi, ciki ya shiga, nonon zai cutar da ita. Kowa ya gamsu, har ana tsokanata. Kamar yadda aka saba, yaro wajen kakarsa ake kai shi yaye, don haka na kai ta Kayele wurin Innata. Na haɗa kayanta kaf, har da kilishi na tsaraba, amma ledojin na bar su cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Na ce a raina in Inna ta gan su ta gane, kuma ai da kunu ta raine mu mu bakwai. Ban tuna cewa mu kowannenmu ya sha nono shekara biyu ba.

Inna ta yi iyakar abin da ta sani. Kunun dawa take dama mata, tsinkakke, don kada ya shaƙe ta. Duk wanda zai zo Garwa sai ta aiko cewa yarinya tana ɗan zawo, haƙori ne, in kwantar da hankalina. Ni kuwa na fi kowa son in yarda. Sau biyu na buɗe kwallar zan ba direba saƙo, sai in tuna ɗan unguwarmu ne, in mayar da murfi. Bayan wata biyu Inna ta kawo ta da kanta. Ban gane 'yata ba. Gashinta ya yi ja ya zube, ƙafafunta sun kumbura, ko kuka ba ta iya yi sai buɗe baki. Na yage leda na ɗiba da yatsa na sa mata, ta kau da kai. Kwananmu huɗu a asibiti ta cika. An sake gwada ta kafin nan, jininta kalau yake. Na raba ta da sida, na miƙa ta ga yunwa.

Bayan sadakar bakwai na kasa riƙewa, na jawo kwallar na buɗe a gaban Inna, na faɗa mata komai. Na jira zagi, ina ma son ta zage ni. Ba ta ce uffan a kan cutar ba. Ta ɗauki leda ɗaya tana juyawa, ta tambaye ni nawa ake bayarwa a rana. Na faɗa mata. Ta ce wannan kaɗai ne, ta ce ai da ta iya, ko da haƙori ne da ta yage.

Yau an samu ci gaba, masu shan magani suna daɗewa suna shayarwa, ni ma na sake haihuwa na bi abin da asibiti suka ce tiryan-tiryan. Amma kunyar nan tana nan, ina ganin mata suna cusa abincin 'ya'yansu a ƙasan jaka. 'Yar'uwa, in za ki ba wani riƙon ɗanki, ba shi gaskiya tare da abincin. Bakin mutane ciwo yake yi, na sani, don da nawa na ji wa wasu. Amma waɗanda na ji tsoron surutunsu sun zo gaisuwa sun koma gidajensu, har yau ba su san komai ba. Asirina ya rufu yadda na so, kuma 'yata na bayar.