Naman Gayyar Baffa

Ko yanzu da haƙorana suka zube, in na ji ƙanshin naman da ya kwana a tukunya sai gabana ya faɗi. Gayyar baffana ba za ta fita raina ba sai ran da ƙasa ta rufe idona.

A ƙauyenmu ne, gabas da Maska, zamanin da muke zuwa gona da kwari da baka saboda mahara. Baffa ya kira gayyar noma tsakiyar damina. Tun jajibere ya yanka bijimi, aka dafa, aka rufe tukwane cikin zafin nan mai gumi. Kunu kuwa wata Bamagujiya maƙwabciyarmu ce ta dama, wadda ta shayar da ni bayan rasuwar mahaifiyata. Inna nake ce mata.

Washegarin gayyar gari ya rikice da amai da gudawa. Mai gari ya kira ni ya ce, "Bi gida-gida, ka ji abin da kowa ya ci."

Na bi, kaina ya ƙara ɗaurewa. Manoman da suka kwanta sun ci nama, sun sha kunu. Surukan Baffa, mazajen 'ya'yansa, kowa ya ga ba su taɓa kunu ba. An kai musu akushin nama ƙarƙashin tsamiya, ya dawo wayam, suka ce sun ci sun ƙoshi, kuma ga su garau. Sai aka wanke nama daga zargi, aka ɗora wa kunu laifi. Na ce ai ni ma na sha, ga ni a tsaye. Aka ce, "Ɗanta ne kai, ya za a yi ya kama ka?"

To 'ya'yan surukan nan fa, da ko gonar ba su leƙa ba, me ya kwantar da su? Aka ce sammu ne, ba ya buƙatar baki. Wallahi har na rasa abin da zan yarda da shi. Mai gari ya yanke cewa Inna ta bar garin.

Ina cikin wannan ruɗu na shiga duba ɗan ƙanwata, 'yar Baffa. Yaron ya zama kamar tsumma a cinyarta. Na ce, "Ni dai na kasa ganewa. Ubansa ya ci nama lafiya, shi da bai ci komai ba..."

Ta dube ni. "Yaya, yaushe ka taɓa ganin suruki ya ci abinci a idon surukinsa? A ganye ya ƙunso mana naman, ya yini a burgaminsa na fata."

"To don me ya ce ya ci?"

"Ta yaya zai ce wa Baffa bai ci namansa ba?"

Na ruga wurin mai gari. Aka kira surukan ɗaya-ɗaya, ban da Baffa a wurin, kowanne ya sunkuyar da kai ya amsa cewa gida ya kai naman. Kunya ce ta hana su ci, ita ce kuma ta hana su faɗa.

Na cim ma Inna a hanyar Bakori, ƙullin kayanta a ka. Na ce gaskiya ta fito, ta dawo. Ta shafa kaina ta ce, "Na ji, ɗana. Amma wa zai ƙara shan kununa bai fara shinshinawa ba?" Ta wuce, ina tsaye ina kuka da gemuna.

Tun daga ranar, in cuta ta shigo gari ta hanyar abinci, ba na tambayar mutum a gaban jama'a ko ya ci. Cikin gida nake shiga, in tambayi wadda ta kwance ƙunshin.