Fankokin da Ba Wanda Ya Nema

Taubashiyata, ɗiyar gwaggona, tun muna yara muke ce mata Jimla. Ko alawa aka raba mana sai ta ƙirga ta kowa ta faɗi wanda aka cuta. Da ta girma ta samu aikin da ya yi daidai da halinta, a wani kamfani mai sayar da bencina, tebura da allunan makarantu. Ita ke rubuta wa kwastoma takardar farashi kafin a yi ciniki. Shekara goma sha ɗaya tana kan tebur guda kusa da taga, har kujerar ta san nauyinta.

Da kamfanin ya sayi manhajar yin takardun nan, kowa ya ja da baya aka bar mata, ita ta zauna ta tsara ta. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ta yi min bayanin ya fi sau dubu, ko daga barci aka tashe ni zan maimaita. Kayan aji ɗaya, benci, allo, teburin malami, kabad, duk a tara su ƙarƙashin layi guda su ba da jimlar aji. Jimlar azuzuwa ta hau ta zama jimlar bene. Benaye su haɗu su ba da babbar jimla a ƙasan takarda. Akwai kuma kayan ganin dama, irin su fanka da labule, ana nuna wa kwastoma farashinsu a gefe, amma ba sa shiga lissafi sai ya ce yana so. Wani ɗan akwati ne can cikin saitin manhajar, bai kai ƙwayar wake ba. In ba a taɓa shi ba, fanka na zaune a gefe. In aka danna shi, ta faɗa cikin jimla ko sallama babu.

Teburin da ke manne da nata na ƙawarta ne, wadda nake kira Mai Turare, don kafin ta shigo ofis da minti biyar turarenta ya riga ya gaisa da kowa. Shekara tara suna cin abincin rana a kwano ɗaya. Har kalmar sirrin kwamfutar Jimla ta sani, wai saboda ranar lalura.

Sai ga wani mai makaranta yana gina bene uku, aji ashirin da huɗu. Manaja ya ce duk wanda ya kawo wannan ciniki shi ne sabon shugaban sashen sayarwa. Jimla ta yi sati uku tana hawa da sauka da igiyar awo, ta auna kowane aji, har takalminta ya yi baki biyu. Ranar da za ta aika takarda, da hantsi aka bugo mata daga makarantar 'yarta, wai ta faɗi ta fasa goshi.

"Je ki, 'yar'uwa," in ji Mai Turare, har tana miƙa mata jaka. "Takarda ba guduwa za ta yi ba."

Da ta dawo bayan azahar, hankali rabi a gida, ta danna aikawa ba ta kalli ƙasan takardar ba. Ta duba ta da safe, kuma ita ta gina abin da hannunta, me za ta sake dubawa?

Washegari mai makaranta ya bugo wa manaja yana tambaya ko bencin zinariya suke sayarwa. Fanka huɗu-huɗu da labule a aji ashirin da huɗu sun shige jimla, kuɗin ya kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Manaja na juyowa kan Jimla, sai Mai Turare ta miƙe a hankali.

"Yallaɓai, dama na ɗan haɗa wata takardar, ko da za a buƙata."

An riga an buga ta, tana cikin fayil mai launi, awon ajin nan na Jimla ne a ciki har ɗigo. Kafin la'asar mai makaranta ya sa hannu.

Manhajar tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa. Jimla ta tono, ta ga an danna akwatin ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, daidai lokacin da take riƙe da kan 'yarta ana ɗinki. Ta kai wa manaja. Ya gyara tabarau ya duba.

"Sunanki nake gani a nan. Ko dai ke kika danna, ko kin ba wani kalmar sirrinki, abin da dokar kamfani ta ce kora ce. Wanne zan rubuta?"

Ta tattara takardarta ta fito. A bakin matakala ta tare Mai Turare.

"Ƙawa, jiya sha ɗaya da minti ashirin ina ina?"

"Haba 'yar'uwa, ni agogo ce? Da ban tare cinikin nan ba, da duk kamfanin ya yi asara. Ni na zaci godiya za ki yi."

Yanzu Mai Turare na da ofis mai ƙofar gilashi, kuma duk takardar da Jimla ta haɗa sai ta kai mata ta sa hannu. Kwanan baya na leƙa gidan Jimla na tarar tana guga, na ce bari in taɓa ta.

"Ke kam an yi malamar lissafi, fanka ta kwashe ki kamar ledar shago. Ki zuba wa Mai Turare fanka dubu a takardarta mana, kowa ya sha iska."

Na gyara zama ina jiran raddi, don in na faɗa mata ɗaya uku take mayarwa. Ta ci gaba da guga har na fara jin kunya. Can ta jingine dutsen gugar.

"Ba kujerar ce ke ci min rai ba," in ji ta. "Da na dawo daga asibiti ranar, ita ta fara tarbata. Ta riƙe hannuna tana tambaya ɗinki nawa aka yi wa yarinyar. Na ce huɗu. Har hawaye ta yi."