Muryar Iya a Kan Ubangi

Wutar da muke zama gabanta a gidanmu na unguwar Kilomita Biyar ba don jin ɗumi ake hura ta ba, wutar banda ce. Kakata, Iya Dije, kifi take sayowa wurin masuntan kogin Ubangi tun tana amarya, ta ƙyafe shi a tsakar gida. Bayan Magariba sai mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ko da bulala ba mai tashi. Ni take fara tsokana: "Angona, matso nan, ko yau ma gyangyaɗi ka kawo mini?"

Tatsuniyoyinta duk jiƙe suke da ruwa. Takan ce, "Ga ta nan, ta taso daga bakin kogi." Mu ce, "Ta zo, mun ba ta hanya."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani attajiri mai ƙaton kwale-kwale. Kafin ta shiga labarin sai ta ɗaga tsinken juya kifi ta karanta mana ladabin ruwa. Mai gangarowa shi ke kauce wa mai hawa, domin mai hawa in ya tsaya ruwa zai mai da shi baya. Wanda kuma ya tarar an shimfiɗa taru, sai ya ɗaga filafilinsa, ya yi gaisuwa, ya jira mai tarun ya nutsar da igiya, sannan ya wuce. Shi wannan attajiri bai taɓa yi ba. Ya bi ta kan taru ya yaga, ya tsinke ƙugiyoyin mutane, bakinsa gum kamar an ɗinke. Wata safiya hazo ya rufe kogin, jirginsa ya daki dutse ya dare. Ya yi ta kururuwa. Masunta suna kusa, suna ji sarai, amma suka ce da juna, "Duk mai bin ruwan nan mun san muryarsa. Wannan ba mutum ba ne, aljanin ruwa ne yake kiranmu." Suka naɗe tarunsu suka koma gida.

"To, bai mutu ba ko, Iya?" Haka nake tambaya kullum.

"Ya mutu mana," in ji ta, ta ci gaba da juya kifinta.

Na girma, na buɗe shago a Titin Koudoukou, na jefa attajirin cikin shirmen yara. Sai rikici ya zo, ana farautar Musulmi, unguwarmu ta zama kurkuku, fita daga cikinta ta zama sayar da rai. Wani tsohon maƙwabcinmu Kirista daga unguwar Miskine ya ɓoye mu ƙarƙashin buhunan rogo a motarsa, ni da Iya da Kawu Sale da yarana, ya kai mu bakin kogi da sassafe. Muka shiga kwale-kwale, garin Zongo muka nufa, a ƙetaren kogin, cikin ƙasar Kwango.

Ba mu yi nisa ba matuƙinmu ya tsaya. Igiyar taru ce a gabanmu, can cikin hazo kuma ga inuwar jirage da mutane a tsaye. A gaɓa 'yan bindiga suna nan, ihu ɗaya daga masuntan ya ishe mu halaka. Kawu ya raɗa wa matuƙin, "Don Allah bi ta kai, mu wuce." Ni ma abin da ke raina ke nan, tsoro ya gama cinye ni.

Iya, wadda idonta ya riga ya tafi, ta lalubo hannun matuƙin ta riƙe. Ta ɗaga murya da Sango, yaren ƙasar: "Bara ala!" Wato tana gaishe su. Na rungume 'yata, na fara kalmar shahada a zuci.

Sai muryar wani dattijo ta fito daga hazon, ita ma da Sango: "Mama mai banda, ke ce?"

"Ni ce. Da jikokina."

Muka ji igiyar tana nutsewa, kwale-kwalenmu ya zame ta kanta a hankali. Iya ta ce, "Singila mingi," godiya ke nan, kamar yadda ta saba yi in an miƙo mata kwandon kifi.

A Zongo ta rasu, kafin hanyar komawa gida ta buɗe. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar hukuncin mai girman kai take koya mana. Yanzu na ga masuntan cikinta ba mugaye ba ne, ba su san shi ba ne kawai, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Mun dawo Kilomita Biyar, amma nakan ƙetara in ziyarci kabarinta. Jiragen yanzu masu inji ne, kowa sauri yake. Duk da haka in muka doshi taru sai na roƙi matuƙi ya kashe injin. Fasinjoji su yi ta tsaki, ni kuwa in miƙe in yi gaisuwa da ƙarfi, in sa yarana su ma su ɗaga murya.