Shekara Bakwai da Rasuwar Abban Hanifa a Kan Tsauni

Shekara bakwai ke nan da dusar ƙanƙara ta binne mijina, Malam Sadisu, a wani tsauni na ƙasar Kirgistan. Ni kuwa har yau ina Kuala Lumpur tare da 'yarmu Hanifa, a garin da bai san sanyi ba.

A gwanjon kasuwar Chow Kit da ke nan garin muka saya masa rigar sanyi. Ya gwada ta a tsakiyar kasuwa, gumi na tsiyaya, mai shago na ta dariya. Digiri na uku yake yi a kan hasashen yanayi na 'yan kwanaki: yaushe dusa za ta sauka a tsauni, wace hanya za ta toshe. Bakano ne da bai taɓa ganin dusar ba sai a kwamfuta. Da jami'arsu ta tura su duba na'urorin awo da ke can sama, murna ya yi kamar yaro.

Ranar da za su hau, ya kira ni da hantsi. Na ce, "Abban Hanifa, an ce tsakiyar sanyinsu ne fa."

Ya ce, "Na duba da kaina. Gari a washe yake har jibi. Kafin dusa ta zubo mun sauko, in Allah ya yarda."

Ba ta jira jibi ba. Da la'asar iska ta juya, dusa ta kece, wadda ta taru a gangare ta zame ta rufe motarsu. Direba kaɗai ya tsira. Hanya ta toshe, ba halin kawo gawa, sai Musulmin ƙauyen da ke gindin tsaunin suka yi masa sutura. An ce sai da suka hura wuta a kan ƙasa kafin ta haƙu.

A zaman makoki na ji wata tana raɗa wai mai duba yanayi ne yanayi ya cinye. Maganar tana cina har yau. Malam bai taɓa cewa ya san gaibu ba. Kirdado yake kiran aikinsa.

Yanzu kowace waya tana nuna hasashe, mutane na gaskata shi ido rufe. Da yana raye, na san zai yaba da na'urorin, ya kuma ji tsoron wannan sakankancewa. Me zai ce kuma da Hanifa, wadda in na yi mata Hausa take amsa min da yaren Malay? Muryarsa ma ba ta iya tunawa.

Abin da ya rage nasa ba yawa. Bincikensa wani ɗalibi ya ƙarasa. Kabarinsa ban taɓa zuwa ba. Limamin ƙauyen ne ke turo min hotonsa duk shekara kafin sanyi ya kama. Na bana ya iso jiya. Limamin ya ce ana sa ran dusa cikin makon nan, kuma in ta rufe maƙabartar, ba mai sake ganin kabarin sai ta narke.

Allah ya ji ƙan ka, Abban Hanifa.