Malam Sanda Magini da Tubalan Roba

Malam Sanda magini ne a Birnin Kudu, kuma gidajen ƙasa da yawa a Surko hannunsa ne ya tayar da su. Ranar da ya faɗo daga kan katanga ƙugunsa ya karye, sana'a ta ƙare. Ya koma zaman tabarma a zaure, ko hira ba ya so.

'Yarsa Ummussalma ce ta zo daga Gwaram da jakar tubalan roba na wasan yara, ta jingina masa waya a kan turmi. Ta ce, "Baba, ka ɗora tubali ɗaya, ka ɗauki hoto, ka ƙara wani. In an jera hotunan, sai ka ga gini yana tashi da kansa."

Tsaki ya yi da farko. Amma kafin kaka ta shigo, ya fara sake gina gidajen da ya taɓa ginawa da tubalan robar, musamman waɗanda ruwa ya cinye. Bai manta inda kowace ƙofa take kallo ba.

Wata rana Inna Barira, wadda ambaliya ta raba da gidanta, ta zo gaishe shi, ya miƙa mata wayar. Ta ga zaurenta ya tashi, ɗakuna sun biyo baya, har wani ɗan mutum na roba ya fito ya zauna bakin ƙofa. Ta nuna shi da yatsa, ta ce, "Nan marigayi maigidana yake zama bayan la'asar."

Ya ce, "Shi ne, Allah ya jiƙansa."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce a sake kunna mata.